Kafin Ka Sa Sabon Sifirin a Ƙafar Gaban Motarka

Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, zirga-zirga ta ƙaru, kuma Golf da Sharon masu jigilar mutane da buhunan masara daga Gayam suna shan gargada. Ƙafar gaba ce ke fara kuka. Idan aka kai mota gareji, wani bakanike zai ce a sa sifirin mai ƙara tauri, wanda ake yabonsa yanzu. Shin ya cancanci kuɗinsa?

Sifirin na yau da kullum zobbansa tazararsu ɗaya, taurinsa ma ɗaya daga farko har ƙarshe. Mai ƙara tauri kuwa an matse zobbansa a gefe guda, an ware su a ɗaya gefen. A ƙananan kwazazzabai duk zobban ke aiki, sai mota ta yi laushi. Da taya ta faɗa babban rami, matsattsun zobban sai su haɗe su daina motsi. Waɗanda suka rage kaɗan ne, don haka sifirin ya ƙara tauri, shokozoba ba ta dukan ƙarshenta. Dabarar ke nan da direbobinmu ke kwaikwayo idan suka cusa guntun taya tsakanin zobba, sai dai tasu tana iya karya sifirin, domin nauyi na taruwa wuri guda.

Amma fa a yi hattara a wurin saye. Da yawa daga irin wannan sifirin an ƙera su ne don rage tsawon mota, saboda masu son gudu a shimfiɗaɗɗen titin Turai. Wanda ya sa irinsu ya kama hanyar dajin Kamuku da damina, tankin baƙin mai zai bari a kan dutse. Idan ka je Panteka a Kaduna, tafi da tsohon naka, a gwada tsawo da faɗi da kaurin ƙarfen. Kada ka raina kaurin nan: ƙarin kashi 10 cikin 100 na kaurin ƙarfe yana ƙara tauri da kusan kashi 46. Kuma guda biyu ake canjawa tare, ko da ɗaya ne ya karye.

Wurin ɗaurawa, a Golf da tsohuwar Fijo 504 sifirin yana zagaye da shokozoba ne, a matse. Kwance shi ba tare da maƙalin matse sifirin ba ganganci ne. Yana iya tsalle ya fasa fuskar yaron gareji. A tabbata bakin sifirin ya zauna a gurbinsa. Kusoshin bushin kuma kada a ɗaure su tamau sai mota ta sauka daga jak ta tsaya da ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Sai a daidaita saitin taya.

A ganina, sifirin nan yana da amfani a hanyoyinmu, matuƙar shokozoba na da rai, domin sifirin ba ya hana mota rawa, aikin shokozoba ne. Abin da ba zai yi ba shi ne ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. Gaba inji yake ɗauka. Buhuna a baya suke zama, birki da taya kuma suna nan yadda kamfani ya yi su. Direba, in an ce maka da sabon sifirin za ka ƙara buhu biyu, kada ka yarda.