Damargu a shekarar korona: da wane ruwa za a wanke hannu?

Ran 19 ga watan Maris 2020 aka ba da sanarwar mutum na farko da cutar korona ta kama a Nijar, can Yamai. Kafin ranar ma shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, ya riga ya ba da umurnin rufe iyakoki da makarantu. Daga baya masallatai suka bi, abin da ya jawo tarzoma a Mirriya. Mu a Tanut da Balbeji ta rediyo labarin ya iske mu, ana shiga tsakiyar bazara.

Safe da yamma rediyo faɗi take: a wanke hannu da ruwa da sabuni, a yawaita. Magana ce mai kyau, babu musu. Amma wanda ya tsara ta bai taɓa tsayawa bakin rijiyar Damargu cikin watan Afrilu ba, inda guga ke nisa har sai an ɗaura wa raƙumi ko jakuna igiya su ja, mata kuwa na layi da bido tun asuba. Ruwan da aka samu da wannan wahala, na sha ne, na tuwo, na bisashe. Wata gwaggota a karkarar Gangara ta ajiye buta guda da guntun sabuni ƙofar gida domin baƙi, ta kuma kafa kwano ƙarƙashi: ruwan da ya zuba, shi take ba ɗan icen da ta dasa. Ban ji likitan da ya koya mata haka ba.

Batun rufe baki da hanci bai dami kowa sosai ba. Abzinawa da ma masu rawani sai murmushi suke, su da amawali ya rufe ma baki tun kaka da kakanni.

Abin da ya ƙona rai shi ne toshewar hanya. Gidaje da yawa a nan da kuɗin ƴan bida suke ƙetare rani, samarin da suka tafi Libiya, Aljeriya ko Kano. Najeriya kuwa ta rufe iyakarta tun watan Agusta 2019, korona ta zo ta ƙara kulle kan kulle. Aike ya yanke, dillalan dabbobi suka rage zuwa Bakin Birji, mai akuya ya sayar da ita a wulaƙance don ya auno tiyar hatsi. A haka azumi ya kama, babu asham cikin jam'i. Tsofaffin da suka ga sanƙarau na 1995 cewa suke waccan cuta gawa ta bari, wannan kuwa rumbu ta taɓa.

Ran 13 ga Mayu aka buɗe masallatai, yara suka koma lakwal farkon watan Yuni. Gwaggo ba ta ɗauke butarta ba sai da ruwan shuka ya sauka, ran nan kowa ya nufi gona, babu mai tsayawa ƙofar gida.