Wayoyin Akwati da Fankoki: Inda Sabon Mai Haɗa Kwamfuta Kan Yi Tuntuɓe

Duk wanda ya ƙuduri aniyar haɗa kwamfutar tebur da hannunsa a karo na farko, hankalinsa kan tafi ne ga manyan kayayyaki masu tsada, wato furosesa, wadda ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, da katin hoto, da babban allon da ake dasa su a kai. Waɗannan kuwa ba su cika ba da wahala ba, domin kowanne yana da gurbinsa, kuma ba ya shiga sai ta fuska ɗaya. Sai an ɗaure allon a cikin akwati sannan mutum zai lura da wani damin siraran wayoyi yana reto daga gaban akwatin, kowace da ɗan baƙin kai wanda bai fi ƙwayar wake ba. Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kayan da aka kashe wa maƙudan kuɗi na iya yin shiru kamar dutse, don kawai ɗaya daga cikin wayoyin nan ta kauce wa mazauninta da tsinke guda.

Kafin mai karatu ya fahimci aikin wayoyin, ya kamata ya san yadda aka faro. A tsohon tsarin da ake kira AT, makunnin da ke gaban akwati yana ɗauke ne da cikakkiyar wutar bango. Tukunyar wuta kuma, wato na'urar da ke rage ƙarfin wutar bango ta rarraba wa sassan kwamfuta, tana da kawuna biyu masu kama da juna, P8 da P9. Masu gyara na wancan zamani sun haddace ƙa'ida guda: baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya. Wanda ya juya su, to, ya sayi sabon allo. A shekarar 1995 kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX, wanda har yau a kansa ake tafiya. Ya mayar da kawunan biyu guda ɗaya mai tsinkaye 20, daga baya aka ƙara suka zama 24, kuma ya raba maɓallin gaba da wutar bango kwata-kwata.

A tsarin ATX, muddin tukunyar wuta na jone da bango, tana aika wa allo wata 'yar wuta mai ƙarfin bolt 5 ta waya mai launin shunayya, ko da kwamfutar a kashe take. Aikin maɓalli bai wuce ya haɗa tsinkaye biyu na ɗan lokaci ba. Da allon ya ji wannan taɓawa, sai ya ba tukunyar umarni ta koriyar waya, ita kuma ta saki sauran wutar. Shi ya sa gwani kan tayar da kwamfuta ba tare da akwati ba, ta hanyar taɓa tsinkayen nan biyu da bakin sukundireba. Kuma dalilin ke nan da ya wajaba a zare filogi daga bango kafin a sa hannu a ciki, domin allon da ake gani kamar yana barci a farke yake.

Mazaunin wayoyin gaba yawanci yana gefen ƙasa na allo, tsinkaye tara a layi biyu, an bar gurbin na goma babu kome domin ya zama alama. A kan kawunan wayoyin an rubuta sunayensu: POWER SW na kunnawa, RESET SW na sake tayarwa, HDD LED na fitilar da ke ƙyaftawa idan ma'ajiyar bayanai na aiki, sai POWER LED na fitilar da ke nuna na'ura a kunne take. Maɓallai biyun ba su da gaba ba su da baya, ko ta yaya aka juya su za su yi aiki. Fitilun ne ke da sharaɗi, saboda irin ƙwan da ke cikinsu ta fuska ɗaya kawai yake barin wuta ta wuce. In an juya shi ba zai ƙone ba, zai dai ƙi haskawa. Akwai ɗan tambari mai kusurwa uku a bayan kan wayar, shi ke nuna ɓangaren da za a ɗora a tsinke mai alamar tarawa. Ba duk kamfanoni ke jera tsinkayen iri ɗaya ba, saboda haka littafin da ya zo da allon shi ne alƙali.

Ashe ke nan wayoyin da suka fi ba sabon shiga tsoro su ne mafi ƙarancin haɗari. Haɗarin yana wajen kawuna masu kama da juna waɗanda wutarsu ta sha bamban. Wayar furosesa mai tsinkaye takwas ta yi kama da ta katin hoto, alhali jerin wutarsu ba ɗaya ba ne; an yanka ramukansu daban don kada su shiga gurbin juna, amma mai ƙarfin hannu yana iya tilasta musu. Fitilun ado ma iri biyu ne, masu bolt 12 da tsinkaye huɗu, da masu bolt 5 da tsinkaye uku, kuma duk wanda ya jona na biyun a mazaunin na farkon ya ƙone su nan take. Haka nan wayoyin tukunyar da ake iya cirewa, ba a aron na wata tukunya a sa wa wata, ko da sun shiga daram, don kowane kamfani da yadda ya jera nasa. Kan wayar USB 3.0 mai tsinkaye 19 kuwa ba ya ƙona kome, sai dai tsinkayensa sirara ne ƙwarai, da an matsa a karkace sun lanƙwashe.

Sai batun fankoki, wanda a nan ne aka fi yin sakaci. Fankar kwamfuta da bolt 12 take aiki. Mai waya uku tana da biyu na wuta, ta ukun kuma tana sanar da allo yawan juyawarta. Mai waya huɗu tana da ƙarin wadda allo ke aiko da sigina ta cikinta, yana kunnawa yana kashewa kimanin sau 25,000 a daƙiƙa guda, da haka yake rage gudun fankar ko ya ƙara shi gwargwadon zafi. Mai waya uku na shiga mazauni mai tsinkaye huɗu lafiya lau, amma za ta yi ta gudu iya ƙarfinta har sai an shiga saitin BIOS an zaɓi a sarrafa ta da rage ƙarfin wuta. Fankar furosesa dole ta hau mazaunin da aka rubuta wa CPU_FAN, domin wasu alluna in ba su ji motsi a nan ba sukan tsaya da gargaɗi, su ƙi ci gaba. Galibin mazaunan amfiya ɗaya suke ɗauka, don haka kafin a tara fankoki da yawa a kan guda sai a duba abin da aka rubuta a jikin kowace, a haɗa lissafi.

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa ta ratsa kayan da suka yi zafi. Tsarin da aka saba shi ne iska ta shigo ta gaba da ƙasa, ta fita ta baya da sama. A yawancin fankoki iskar na fita ne ta fuskar da ke da sandunan da suka riƙe injin, wasu kuma suna da kibiya a gefe. Wanda ya yi shakka ya kusantar da ɗan yankin takarda mara nauyi, zai ga ko ana jan sa ko ana ture shi. Fanka guda da aka ɗaura a juye tana iya sa zafi ya yi ta kewaya a ciki, ga ƙara ana ji, ga furosesa tana rage gudunta da kanta idan ta doshi digiri 95 zuwa 100.

Wannan ya fi shafar mai kwamfuta a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, inda zafin bazara kan haura digiri 40. Alal misali, na'urar da ke tsayawa a digiri 70 cikin ɗaki mai digiri 22, za ta kusanci 88 a ɗaki mai 40, aiki ɗaya, fanka ɗaya. Hunturu kuma da nasa sharrin yake zuwa. Busasshiyar iska na tara lantarki a jikin mutum, irin wanda kan yi tartsatsi idan an taɓa ƙofar mota, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya lalata allo, shi ya sa ake taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa kayan ciki. Ƙurar hazo kuwa dabararta ita ce fankokin da ke shigo da iska su ɗan rinjayi masu fitarwa, kuma a sa musu rariya. Idan iskar ciki ta fi yawa, ta kowace kafa fita take yi, ƙura ba ta samun hanyar kutsawa sai ta rariyar. Ita rariyar a lokacin hazo tana bukatar a riƙa zare ta a kai a kai ana kakkaɓewa, in kuma an wanke ta da ruwa, a bari ta bushe sarai kafin a mayar.