Dalilin da ya sa murya ke saɓa wa baki a bidiyon waya

Bidiyon biki ko na wa'azi yakan fara lafiya lau, amma kafin minti 20 sai a ga bakin mai magana ya rufe, muryarsa na biyowa a baya. Ga mai tace bidiyo wannan asara ce, domin da wuya mai aiki ya biya kuɗin irin wannan.

Idan tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, da sauƙi: jan sautin kawai za a yi. Shi ya sa ake tafa hannu a gaban kyamara kafin a fara ɗauka.

Wadda ke ƙaruwa a hankali ita ce mai wuyar sha'ani. Yawancin wayoyi ba sa riƙe hoto 30 cif a kowace daƙiƙa. Haske na raguwa, adadin kan sauka, wasu manhajojin tacewa kuwa lissafinsu bai canza ba. Maganin shi ne a fara bi da bidiyon ta HandBrake, wadda kyauta ce, a tsayar da adadin kafin a yanka komai. In da wata na'ura daban aka naɗi muryar, a saita ta kan 48kHz tun a wurin ɗauka.