Idan "haka aka rubuta" ta zama yanke ƙauna

A Bosso ko Tunga, ba wuya ka ji matashin da ya gama Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, ya yi hidimar ƙasa, aiki ya gagara, yana cewa komai an riga an rubuta, wahalar me zai yi? Iyaye kan ɗauka tawakkali ne. Wani lokacin kuwa ciwon damuwa ne.

Mai tawakkali yana fita nema, ya bar wa Allah sakamako. Wanda damuwa ta kama kuwa yakan ƙaurace wa mutane, barci da cin abinci su rikice, ya ga rayuwa ba ta da amfani. Likitoci sun ce idan hakan ya kai mako biyu, a nemi magani.

Kada a yi masa gorin raunin imani. A saurare shi. A ɗora masa ƙaramin nauyi kullum, kamar kai ƙanne makaranta ko cefane a Kasuwar Kure, ya ga ana bukatarsa. Idan ya fara zancen kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi Babban Asibitin Minna a ranar. Ciwon yana jin magani.