Gidan Rumfa: Gidan Da Ya Ɓoye Kyansa A Ciki

'Yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta, wannan mako za mu tashi daga Jega mu nufi Kano, mu duba gidan Sarki, wanda ake kira Gidan Rumfa.

Manyan gidajen masu sarauta na ƙasar Ingila, in kun ga hotonsu, duk kyansu a waje yake: tagogi jere, ga fili na ciyawa da furanni a gaba, mai wucewa ya sha kallo. Namu ba haka ba ne. Gidan Bahaushe katanga yake nuna wa hanya, abin kallon yana ciki. To, babu inda wannan ya fito sosai kamar Gidan Rumfa.

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina shi, kuma tun daga lokacin nan ne mazaunin sarakunan Kano, na Haɓe da na Fulani. Faɗinsa ya kai eka 33, watau ya fi wata unguwar girma. Baƙo ta Ƙofar Kudu yake shiga, ya ratsa fili, ya wuce soro bayan soro. A cikinsu akwai Soron Ingila, inda aka riƙa saukar da manyan baƙi Turawa. Daga nan fa namiji ya tsaya. Abin da ya rage cikin gida ne, sai mata, sai jakadiya mai kai saƙo ta komo.

Kada ku ce matan nan zaman banza suka yi. Littafin tarihin Kano ya ce Rumfa ne ya fara kulle, amma masu bincike sun gano cewa matan fada su ne suka riƙa kula da hatsin da ake kawo wa Sarki, har ma da karofi na rini a cikin gida. Akwai kuma sheka, wurin itatuwa da inuwa a bayan katanga, wanda na waje ba ya gani. Lambun da Bature ya sa a ƙofar gida, Sarkin Kano a ciki ya ajiye shi.

Yanzu ku ɗaga kai ku dubi rufin tsoffin soraye, don nan gwanintar take. Da tubali aka tayar da bango, mai kauri ƙwarai, shi ya sa rana ba ta ratsa shi da wuri. Azara kuwa daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cinta ba, amma ba ta ɗaukar nauyi in tazara ta yi yawa. Sai magina suka yi dabara, suka riƙa ɗora gajerun azara, wata ta ɗan zarce wata, suna ɗaurewa suna lulluɓewa da ƙasa, har gefe biyu su haɗu a sama. Shi ne bakan gizo. Da shi ake rufe ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. A waje a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a kafa indararo don ruwa ya zuba nesa da bango.

Kun ga babu abu ɗaya a nan da babu shi a Aliero ko Maiyama. Zaure, shigifa, tsakar gida, tsarin ɗaya ne, girma ne kawai ya bambanta. Daɓe ma aikinmu ne mata, da maɗabi da waƙa.

Sai dai ginin ƙasa yana son hannu. In aka bar shi damina biyu ko uku ba yaɓe, ko indararo ya toshe, sai ya fara zaizayewa. Shi ya sa mutane da yawa suka koma bulo da kwano, har a fadar Kano an sake wasu sassa da siminti. Ni dai ban ga laifin mai gudun yoyo ba. Amma duk wadda ta kwana ƙarƙashin kwano a watan Afrilu ta san abin da aka rasa. In akwai tsohon soro a gidanku, kafin maigida ya kira masu rushewa, ku ce masa a fara kiran magini ya duba azarar tukuna.