Gyaran Rediyo Da Waya A Badun: Sai An Sa Hannu Ake Iyawa

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Shasha da sassafe ya san abin da ido ke fara gani. Ga manyan motoci sun kwana bisa hanya daga Arewa, ga kwandunan tumatir da buhunan albasa da tattasai, ga kuma 'yan dako suna ta kai da kawowa. Amma idan mutum ya lura da kyau, zai ga akwai wani abu ƙarami da duk cinikin nan ya rataya a kansa, watau wayar da ke aljihun kowa. Da ita dillali ke jin farashin Kano, da ita direba ke faɗin inda ya kawo, da ita ɗan dako ke aika wa mahaifiyarsa ɗan abin da ya samu. Ranar da ta mutu kuwa, sai ka ga babban mutum tsaye gaban wani ɗan teburi yana jiran mai gyara kamar mai jiran likita.

To, abin tambaya a nan shi ne, su wane ne ke zaune a kan irin waɗannan tebura, kuma me ya hana yaranmu su yawaita a cikinsu?

TSOHUWAR ALAƘA

Bahaushe da akwatin rediyo dai ba yau suka saba ba. Tun 1957 sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shiryensa, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. A unguwar Sabo da ke kusa da Mokola, wadda aka kafa domin Hausawa tun 1916, fataken goro da na shanu sun daɗe suna kasa kunne ga rediyo domin jin labarin gida. Har ila yau a nan Badun ne aka buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya cikin 1959, zamanin Cif Obafemi Awolowo. Saboda haka garin nan tsohon gari ne wajen gyaran kayan lantarki.

Da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, sai aikin ya ƙara faɗi. Ban da rediyo da talabijin, yanzu akwai caja, fanka mai caji, fitilar sola, lasifikar masallaci da na'urar cirar kuɗi ta POS. Dukkansu lalacewa suke yi, musamman ga wutar lantarkin da ke hawa da sauka, da kuma damshin Kurmi da ke sa ƙarfe tsatsa. Kuma yadda sabon kaya ya yi tsada, mutane sun gwammace gyara da sayen sabo.

YADDA AKE KOYO

Wannan sana'a ba a koyonta da ka. Yaro yakan fara ne da shara da ɗauko kaya da kallon hannun maigidansa. Bayan wani lokaci sai a miƙa masa mataccen rediyo wanda mai shi ya daɗe da haƙura, a ce ya kwance shi ya mayar. Ran farko sai ya gama ɗaurewa ya tarar da kusoshi biyu sun yi saura a kan tebur. Haka zai yi ta yi har ran da babu abin da zai rage.

Daga nan sai liƙin dalma. Ana zafafa ɗan ƙarfe mai tsini, a narkar da dalma a haɗa ƙafar kayan aiki da allon injin. A baki abu ne mai sauƙi. Amma in zafi ya yi kaɗan liƙin ba zai kama ba, in ya yi yawa siririn layin tagullar da ke jikin allon ya ɗaye. Babu littafin da zai gaya wa yatsa lokacin da ya kamata ya ɗaga. Sai yaro ya ƙona yatsunsa, ya ɓata matattun alluna da dama, kana hannunsa ya faɗa.

Abu na uku shi ne mita, wadda ita ce idon mai gyara, domin wuta ba a ganinta. Da ita ake auna ko batir na da ƙarfi, ko waya ta tsinke daga ciki, ko fis ya ƙone. Batirin wayar hannu yakan nuna wajen bolt 3.7, caja ta yau da kullum bolt 5, wutar gida kuwa wajen 230. Yaron da ya riƙe waɗannan ya san abin da yake nema tun kafin ya ɗora mita. Akwai kuma ƙananan kayan da ake kira resista, masu zoben launi a jikinsu, kowane launi da lambarsa: baƙi sifiri, ruwan ƙasa 1, ja 2, har zuwa fari 9. Wanda ya saba hadda a makarantar allo ba zai kwana uku bai riƙe su ba.

Sai dai babban darasin shi ne bin ciwo daki-daki. Gwani yakan fara da tambayar mai kaya: faɗuwa ta yi, ko ruwa ta sha, ko kuwa a caji aka bar ta wuta ta zo da ƙarfi? Sa'an nan ya duba da ido, ya sansana ko akwai ƙauri, ya fara awo daga inda wuta ke shiga, ya bi ta mataki-mataki har inda ta tsaya. Sau da yawa abin da mai kaya ya ɗauka mutuwa ce, bakin caji ne kawai ya cika da ƙura, ko kafasita ɗaya ta kumbura.

Ni kaina na taɓa ɗanɗana rashin wannan darasi. Na kai wa wani mai gyara wayata domin ta daina caji. Bai auna komai ba ya ce batir ne, na saya. Ba ta tashi ba, ya ce allon ne gaba ɗaya. Da na kai ta wani wurin, wani yaro ya sa mita da ɗan burushi, kafin in gama shan ruwan leda ta kawo wuta. Na farkon canki-canka yake yi da kuɗin mutane, na biyun kuwa an zaunar da shi an koya masa.

A yau matasa na kallon hotunan gyara a YouTube, har da waɗanda ake bayani da Hausa, kuma suna da amfani ƙwarai. Amma hoton ba zai riƙe hannun yaro ya ce masa dakata ba. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta kori gani.

HAƊARI DA AMANA

Wajibi ne mai koyo ya san aikin nan yana da haɗari. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana riƙe wuta mai tsananin ƙarfi ko bayan an zare ta daga soket, haka ma manyan kafasita. Batirin waya in ya kumbura aka soke shi yana iya kamawa da wuta nan take. Hayaƙin liƙi ba ya yi wa ƙirji daɗi, dalma kuwa guba ce, don haka a yi aiki inda iska ke ratsawa, a wanke hannu kafin a ci abinci. Mutanen Zamfara ba su manta da abin da gubar dalma ta yi wa yara a 2010 ba.

Bayan haɗari sai amana. Wanda ya ba ka wayarsa ya ba ka asirin gidansa, da hotunan iyalinsa, da hanyar shiga asusunsa na banki. Mai gyaran da ke leƙe, ko mai cire kaya mai kyau ya sa jabu, ba ya daɗewa a kasuwa. Haka kuma wanda ke karɓar kowace waya ya buɗe ba tare da tambaya ba, wata rana ta sata za a kawo masa, ya kwana a ofishin 'yan sanda. Littafin rubuta sunan mai kaya da irin kayan yana cikin kayan aiki, daidai da sukundireba.

ABIN DA WUTA BA TA CI

'Yan'uwa mazauna Kurmi, babu wanda ya manta da watan Fabrairu na 2021, lokacin da fitina ta tashi a Shasha, aka rasa rayuka, aka ƙona rumfuna da gidaje, gwamnatin Jihar Oyo ta rufe kasuwar na wani lokaci. Mutane da yawa sun wayi gari jarin shekaru ya zama toka. Haka nan a Ikko, hana acaba da aka yi a wasu ƙananan hukumomi a 2020 da 2022 ya bar ɗimbin samarinmu babu abin yi. Wanda dukiyarsa ke cikin kwando ko bisa babur, dare ɗaya yana iya rasa ta. Wanda ta ke cikin hannunsa kuwa, jaka ɗaya ta ishe shi ya buɗe aiki a Bodija, ko Sabo, ko Funtuwa.

Kada kuma mu ji nauyin kai yaro wurin Bayarabe ko Ibo in shi ne gwanin da ke kusa. Makwabtanmu Yarbawa sun riƙe koyon sana'a da daraja. Sukan yi yarjejeniya gaban iyaye, a yanka shekarun koyo, ranar yaye kuma a yi biki a sa wa yaro albarka. Yaron da ya yi shekara biyu ko uku a irin wannan shago zai fito da sana'a, da yaren mutanen gari, da kuma aminan da za su tsaya masa ranar tsanani. Wannan ba ƙaramar riba ba ce ga baƙo.

Bugu da ƙari, wanda ya ƙware yana iya neman takardar shaida ta hanyar jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ke da mataki uku, ko ta hukumar NABTEB. Da ita ake neman aiki a kamfani ko a ma'aikata.

Saboda haka muna kira ga masu gidaje da sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da malaman tsangaya. Kowane maigida ya dubi yaran da ke kwana a zaurensa, ya zaɓi ko da ɗaya ne mai natsuwa, ya biya masa kuɗin koyo, ya saya masa mita da ƙarfen liƙi. Wanda kuma ke da mataccen rediyo a ƙarƙashin gado, ya fito da shi ya ba mai koyo, domin shi ne allonsa na farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu zaman lafiya da makwabtanmu, ya sa wa neman kowa albarka, amin.