Wayar Ɗakin Kaji: Kada Arha Ta Ja Maka Asara

A gonakin da nake zagawa, abu ɗaya nake yawan gani: mutum ya kashe kuɗi a gini, ya sayi tsaki masu kyau da abinci, amma da aka zo jan wuta daga gida zuwa ɗakin kaji, sai ya ce wa yaro, "Je ka samo mai arha." Alhali wannan wayar ce ke riƙe da ran tsakinka da kifinka.

Tsako a satin farko yana son ɗumi na digiri 32 zuwa 35. Idan wuta ta yi rauni cikin daren hunturu, za su taru su danne juna. Idan kuma wayar ta yi zafi ta narke a kan buntun shinkafa, sai dai a ce Allah Ya kiyaye gaba.

Kafin ka shiga kasuwa, lissafa abu biyu: nauyin kaya da nisa.

Misali, kana da ƙwan ɗumama guda 4, kowanne wat 250, wat 1,000 ke nan. Ga injin jan ruwa na tankin tarwaɗa mai doki ɗaya, wajen wat 750, ga fitilu da fanka. Ka ce wat 2,000. Raba da 230, wato ƙarfin wutarmu ta gida, za ka samu kusan amfiya 9.

To, 2.5mm za ta ɗauki amfiya 9 lafiya lau. Matsalar tana wajen nisa, domin wuta raguwa take yi a hanya. A mita 100, 2.5mm za ta zubar da kusan bolt 16, 4mm kusan 10, 6mm kuma bai kai 7 ba. Ka tuna wutar NEPA sau da yawa da rauninta take zuwa, kuma inji yana jan ninkin wutarsa sau da dama lokacin tashi. Shi ya sa za ka ji yana gurnani bai tashi ba, har koyil ya ƙone. Ni dai a irin wannan nisan, 6mm nake ba da shawara. A bar 1.5mm wa fitilu, 2.5mm wa soket na cikin ɗaki.

Sai maganar jabu. Akwai wayar da alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe. Kankare bakinta da wuƙa a gaban mai shago: idan fari ya fito, ajiye masa kayansa. Duba tambarin NIS na hukumar SON, da kaurin da aka rubuta a jikinta.

Kada ka rataya waya a bishiya ko ka shimfiɗa ta a ƙasa. Rana na busar da robar, ɓera na gaigaya. Sayi mai sulken ƙarfe, ka binne ta zurfin kusan santimita 60. A cikin ɗaki ka sa ta a bututun roba, ka rufe mahaɗa da akwati, saboda warin kashin kaji da danshi suna cin ƙarfe.

Masu kifi, wannan naku ne musamman: hannu jiƙe, ƙafa a ruwa. Dole a kafa ƙarfen at a ƙasa, a sa birekar RCD mai 30mA, wadda ke yanke wuta nan take idan ta fara bin jikin mutum.

A ƙarshe, ka nemi ƙwararren mai aikin wuta, ka nuna masa lissafinka, ka faɗa masa abin da kake shirin ƙarawa baɗi. Ƙarin kuɗin waya mai kauri bai kai asarar tsaki 500 a dare ɗaya ba.

Mita nawa ne tsakanin mitarka da ɗakin kajinka? Faɗa mana, mu yi lissafin tare. Allah Ya sa albarka a kiwo.